Furen Sukarin Asta

Tururuwa ta sake shiga gwangwanin. Datti ya ɗaga murfin, ya tarar furen sukarin ya yi laushi, gefe guda ya kwanta, jan launinsa ya koɗe kamar tsohon zane. Tsakiyar damina ce, lokacin da ko gishiri jiƙewa yake a ƙauyen Durun. Ya rufe da sauri kafin Asta ta dawo daga rijiya.

Furen nata ne. Mijinta ne ya kawo mata daga Kano, sa'ad da yake kuku a gidan wani Kwara ɗan Labanan mai sayen gyaɗa. An yi bikin 'yar gidan, ya ciro furen daga kan kek ya adana. Da zai koma bakin aiki sai ya damƙa mata, cikin wasa ya ce kafin ya narke zai dawo. A bazarar da ta biyo baya sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, amma ba da dukkan hankalinta ba. Tun daga lokacin, kowace safiya sai ta buɗe gwangwanin ta duba, ta share ɗaki, ta ɗora tukunya har da rabon matafiyi.

Datti ya san iyakar furen sukari. In ya samu duhu da bushewa yakan yi shekaru, launi kawai zai gudu. Amma ɗakin ƙasa da damina ba sa barinsa. Shi kansa ya daina tuna ko na nawa ne wannan da ke cikin gwangwanin.

Washegari ya bar ciyawa tana cin gonar gyaɗarsa, ya hau jaki zuwa Gwarzo, inda ake samun farin sukari a kanti. Da ya dawo ya niƙa shi a dutse, ya tankaɗe da ƙyalle, ya kwaɓa da farin ƙwan zabo da ɗan ƙaro, ya ɗiga ruwan zoɓo. Ya shiga siffanta sabon fure. Na farko ya karye. Na biyu ya tsaya, amma ya ƙi bushewa, don ruwa bai ɗauke ba.

Uwaliya, ƙanwar Asta, ta same shi a zaure, inda yake kwana, yana fifita garwashi a ƙarƙashin faranti. Ta daɗe tana kallon ƙashin wuyansa da ya fito. Ta ce maƙwabta sun gama noma na biyu, shi ko na farko bai kammala ba. Ta ce wataƙila in ya bar abin ya narke, Yaya Asta za ta haƙura, kowa ya huta. Bai ɗago ba. Ya ce ta miƙo masa gawayi.

Da safe Asta ta riga shi dubawa. Ta zo bakin zaure da gwangwanin a buɗe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta gaishe shi daga nesa.

"Malam, ka ga ya fara narkewa," ta ce. "Maigidana bai taɓa saɓa mini magana ba. In wannan ya ƙarasa, to ba ya duniya ke nan. Sai ka taimaka ka gaya wa liman, zan shiga takaba."

"Ki ƙara haƙuri zuwa jibi. Sanyin ruwa ne kawai, zai farfaɗo."

Ta yi godiya. Ta ce duk ranar da maigidanta ya dawo, zai ji irin kirkin da baƙon nan yake yi mata. Ta koma ciki ta ɗora tukunya.

Datti ya jingina da bango, bayansa na ciwo. Ya tuna maganar Uwaliya, ya san akwai gaskiya a cikinta. Sannan ya jawo mafici ya ci gaba da fifita garwashin. Ya iya jure ta kira shi baƙo, amma bai ga yadda zai zauna a zauren gidansa yana kallon matarsa tana yi masa takaba ba.