Haifaffen Gari Kaɗai

Hassada ce ta ci Mai Unguwa Jatau, kuma a gabana ta ci shi.

A zamanin nan ruwan dam ba ya shiga gonar mutum sai na'urar ofishin ruwa ta fitar da sunansa. Dukanmu muna cikinta. Ka gindaya mata sharaɗi, ta tace, ta miƙo maka waɗanda suka cika shi. Ba ta gaisuwa, ba ta san furfura ba.

Ranar rabon ruwan rani na raka Jatau ofishin, don mai unguwa ke gindaya sharaɗin. Burinsa ɗaya, kada Mati, baƙon da albasarsa ta fi tasa kyau, ya sami ko ɗigo.

Ya ce wa Ladidi ma'aikaciya, "'Yata, gaya wa na'urar haifaffen Kwarin Maje kaɗai."

"Baba, in na danna fa sai baɗi. Mu duba tukuna?"

"Ke za ki koya mini garinmu? Danna!"

Ta danna, takardar sunaye ta fito. Ya bi takardar da yatsa har ƙasa, ya sake hawowa. Babu Mati. Babu Jatau.

"Wannan abu mahaukaci ne! Kakana ya sari garin nan!"

Na ce, "Haba Jatau! Kai ba ɗan fari ba ne? Ba gidan iyayenta gyatumarka ta je ta haife ka ba, can Rafin Ɗinya?"

Mati ya koma ya yashe tsohuwar rijiyarsa, albasarsa ta yi. Jatau kuwa ya rasa fangali arba'in na tumatir da kadada biyu ta alkama. 'Yan fari sha tara da ya jawo wa ƙishi suka taru suka kwance masa rawani.