Wa Zai Tafi da Barney

Barney kunkuru ya miƙa wuya ya karɓi ganyen puha, wata ciyawa da kunkuru ke so, daga hannun Matiu. Noeline tana tsaye da tsintsiya tana kallo, ji take kamar ta kwaɗa wa mutumin a ƙeya.

Wata takwas ke nan tana zuwa gidan Raewyn duk Asabar. Raewyn ce ke karɓar duk kunkurun da aka wulaƙanta a yankin Hawke's Bay, tana jinyarsu a bayan gidanta har su samu mai riƙo. Guda goma sha ɗaya gare ta. Noeline na share musu wuri, tana canja ruwa, tana tsince ragowar ganye. Amma kowa ya san saboda guda ɗaya take zuwa.

A bakin ƙofar Raewyn aka tsinci Barney cikin kwali, ba takarda, ba suna. Ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu, bakinsa ya zarce har ba ya iya cizon ganye. Ga wata tsohuwar huda a gefen ƙoƙon, irin wadda mutanen da ke yi su zura waya su ɗaure kunkuru a sandar shanya don kada ya shiga gonar maƙwabta. Likitar dabbobi ta ce an yi shekara da shekaru ana ɗura masa burodi da madara da abincin kyanwa. Duk wanda ya ga hudar nan sai ya tsine wa mai hannu a ciki. Noeline dai ba ta tsinuwa, shararta take yi.

Shi kuwa Matiu tsohon mai askin tumaki ne da ciwon gwiwa ya zaunar. Wata uku kacal da fara zuwansa. Wata uku! Amma da Barney ya ji ƙarar takalminsa sai ya kama hanya, yana jan ƙafa kamar mai zuwa tarbar ɗan uwa. Ita kuwa ko inuwarta ce ta faɗa masa, sai ya janye kai ya shige, ya bar ta da kallon ƙoƙo.

Abin yana cinta, ba kaɗan ba. Ta gwada furen da aka ce yana so. Ta gwada canja turare. Ta gwada zama shiru a ƙasa har ƙafarta ta yi sanyi. Ko leƙowa bai yi ba.

"Tsohuwa, gaggawa ce ta yi miki yawa," in ji Matiu yana dariya. "Shi wannan sai da lallashi, kamar suruki."

"Da yake a cikin ƙwai ɗaya aka ƙyanƙyashe ku," ta ce, ta juya masa baya.

Da watan Mayu ya kama, lokacin da sanyi ke fara shigowa a can, Raewyn ta ɗora Barney a sikeli ta ce ya yi ƙibar da zai iya dogon barcin da kunkuru ke yi lokacin sanyi a gidan mai riƙo. Mutum biyu suka nema, kuma ba sai an faɗi su waye ba.

Noeline ta tashi haiƙan. Ta sa aka tuge sandar shanyarta, aka kewaye bayan gidan da katako, ta shuka puha layi uku, ta karance littafin kiwon kunkuru har ya yi laushi. Gidan Matiu kuwa ɗan tsurut ne, filinsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ta tabbatar Raewyn ta ji wannan, sau uku ma.

Ranar yanke hukunci suka zauna a baranda da shayi. Raewyn ta ajiye takardar riƙo a tebur, ta cire murfin biro.

"Kawu Matiu, ka yi haƙuri," ta ce. "Anti Noeline zan ba. Ta fi ka fili, ta kuma riga ka zuwa."

Matiu ya gyaɗa kai ya ce ba komai. Noeline ta so ta ji daɗi. Ta ma fara jin daɗin, sai mutumin ya sauka daga baranda ya durƙusa da wannan gwiwar tasa. Barney ya taho, ya taho, ya zo ya ɗora haɓarsa a tafin hannunsa ya lumshe ido. Takarda dai tata ce, amma ta san ko shekara goma za ta yi ba za ta samu wannan ba.

"To ki saurara, tsohuwa," in ji Matiu, bai ko ɗago ba. "Ban da madara, ko ɗigo. Nan ake sosa masa, ƙarƙashin wuya. In ya ƙi ci, ki kira ni. Ba yabon kai ba, duk duniyar nan ba wanda ya san yaron nan kamar ni. Likita ma cewa ta yi ya kai hamsin, ni kuwa na duba shi da kyau, bai wuce arba'in ba."

Da Noeline ta haɗiye maganar da ke bakinta, da shi ke nan, biro ya riga ya taɓa takarda. Amma baki shi ke yanka wuya. Noeline ta dire kofin har shayi ya fantsama a tebur.

"Arba'in a gidan wa? Sittin da biyu ne! Ranar da na cika shekara bakwai babana ya kawo min shi, kuma da hannuna na danne masa shi ya yi hudar nan."