Oba-oba a Motar Kankana

"Jar waya nan, baƙa can. Kai kuma ɗaure eriya!" in ji abokina Stratis, rabin jikinsa a ƙarƙashin sitiyarin a-kori-kurata.

Sai rawar ƙafa nake. Yau motar tallan kankanata ta samu oba-oba! A dandalin ƙauye muke aikin, daura da shagon gahawar Argyro.

Stratis ya maƙala min abin sauraro a kunnuwa, ya ta da injin. "Zan koma bayan coci da tawa oba-obar. Faɗi wani sirri, mu ji ko tana fita tar."

Na danna maɓalli ina washe baki. "Stratis, kana ji na? Wallahi son Argyro zai kashe ni. Kankanar da nake kai mata ina cewa ragowa ce, ita nake fara zaɓa tun a gona. In na gan ta, bakina mutuwa yake."

Na sake danna maɓallin.

"Kai ɗan banza, kana ji na?"

Sai na ga tsofaffin da ke zaune a shagon sun miƙe suna tafi, har da fada, limamin cocin. Na fizge abin kunnen. Ashe da lasifikar talla ta kan rufi aka haɗa ni!

Argyro ta fito da faranti, ta wuce ni, ta miƙa gahawa ga Stratis, wanda ashe yana nan laɓe a bakin shagon. "Sannu da aiki. Ban ce maka zai yi magana ba?"

Sannan ta leƙo tagata. "Ranar Lahadi, ka zo gidan yayana neman aurena. Ka yi aski. Kuma kar ka zo min da ragowa."