Kaifin Allunan Tuva

Ana shirin gasar zamiya kan ƙanƙara. Tuva na dira kan dogon ƙarfen da ake zamiya a kansa, bakin allon zamiyarta ya cije. Ta kifa a kan ƙanƙara, gwiwa ta tashi aiki.

Masu zamiya kan ƙarfe alluna marasa kaifi suke so, don kaifi kama ƙarfe yake yi. Nata kuwa an wasa su kamar aska.

A asibiti mahaifinta Halvard, tsohon ɗan tseren zamiya, ya yi ta kuka. "Ni na wasa miki, 'yata. Mu a tsere kaifi muke nema. Ban sani ba."

Ta yafe masa.

A waje ƙanwarta Sigrun, wadda ta gaji gurbinta a gasar, ta raɗa masa, "Baba, nawa allunan fa?"

Ya share hawaye. "Ranar da na wasa nata na dakushe naki."