Mai Makami Biyu

Kowace ranar kasuwa, da an idar da azahar, Kofur Labaran yakan share teburin da ke rumfar Maiturare ya zana dajin Kamuku da gawayi. Nan dutse, nan kurmi, can gefe kuma kogi. Murafen kwalba su ne mayaƙa. Wuri huɗu ake jefawa irin na 'yan caca, sai dai ba a cin kowa komai. A gadon asibitin soja ya ƙirƙiro wasan, ya dawo da shi Birnin Gwari tare da kafaɗar da harsashi ya lalata masa.

Dokokin ba su da wuya. Mai takobi da garkuwa jifa ɗaya gare shi, kuma duk wurin da ya faɗi baki sama sara ne ya samu. Wanda ya ajiye garkuwa ya ɗauki makami biyu yana jifa sau biyu, amma rabin na biyun ake ƙirga masa, kuma duk abin da aka kawo masa a jiki yake karɓa. A teburin Kofur hagu ce mai cikakken sara, dama ce mai rabi. An sha gaya masa ya juya abin. Ya ce haka yake.

Mai makami biyun wani jan murfi ne, Kofur ba ya barin kowa ya taɓa shi. Kuma ba ya mutuwa. In wuri ya faɗi ba daidai ba, sai Kofur ya ce tebur ya girgiza, a sake. Da an iso bakin kogi kuwa sai ya hau tattara kaya, wai la'asar ta yi, ko da ba a daɗe da idar da azahar ba. 'Yan rumfa suna dariya, suna cewa Kofur ba ya gajiya da yabon kansa. An gama yaƙin basasa shekara biyu ke nan, shi har yau cin gari yake yi.

Martha ba ta cikin masu dariyar. Kunu take sayarwa a bakin rumfar, duk dokokin wasan sun shiga kunnenta ba da sonta ba. Mota ɗaya ta ɗauki mijinta Solomon da Labaran zuwa yaƙi, Labaran kaɗai ta dawo da shi. Takardar bariki cewa ta yi ba a ga Solomon ba, ba ta ce ya mutu ba. A danginsu na garin Gayam kuwa ba a zaman makoki sai wanda ya gani da idonsa ya faɗa. Saboda haka ita ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Ɗakinsa na rufe, gonarsa ta zama daji, laujensa irin na bahago na rataye tunda babu wanda hannunsa ya iya yanka da shi.

Ta tambayi Labaran har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce: sun rabu a hanya. Da farko ta yi kuka. Daga baya ta tsane shi, mutumin da ya bar mata miji a kudu ya zo yana wasa da murafen kwalba. Yanzu ko tsanar ta ƙare. Tana zuba kunu, tana wanke ƙoƙo, tana kallonsa, ba ta jin komai.

Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, jan murfi ya gama da 'yan fashi uku a kurmi ya iso bakin kogi. Maiturare, wanda yake jefa wuri a madadin daji da 'yan fashinsa, ya tashi sallamar mai saye. Kofur ya miƙa hannu zai tattara. Martha ta ajiye ludayi ta riga shi kwashe wurin. Ba wani tunani ta yi ba, ta dai gaji da ganin abin da ba ya ƙarewa.

"Kofur, yau a ƙetare," in ji ta.

Kowa ya san dokar kogi, don Kofur da kansa ya faɗe ta tun farkon zuwansa, ko da yake ba a taɓa aiki da ita ba. Igiya ake ɗaurawa daga gaɓa zuwa gaɓa. Mai hannu a sake ya kama ya wuce. Mai makami biyu kuwa sai abin da wuri ya ba shi.

Ta jefa. Duka huɗun suka faɗi a kife.

Kofur ya ce tebur ya girgiza. Martha ta ɗora tafin hannunta a kai, ta ce bai girgiza ba.

Maiturare ya dawo yana goge hannu a riga, ya leƙa. "To mene ne abin wahala? Ya yar da ɗaya ya kama igiya mana. Ko mahaukaci zai yi haka."

"Ba zai yar ba," in ji Kofur.

"Kai ne fa, Kofur. Ga ka nan zaune da ranka, ai ka ƙetare."

Labaran ya daɗe yana duban jan murfin. Fuskarsa ba ta canza ba, muryarsa ma haka, kamar mai faɗin farashin dawa. Bai dubi Maiturare ba, Martha ya duba.

"Sau uku ina ce masa ya yar da ɗaya. Ya ce ba zai yar da tawa ba, don in na koma bariki ba bindiga ɗaure ni za su yi. Ni igiya na kama, Martha, da hannuna mai lafiya. Wanda ruwa ya tafi da shi a kan idona, bindigarsa a hannu ɗaya, tawa a ɗayan, Solomon ne."