Mai Allura

Allurar zafin inji ta wuce rabi tun kafin su fara hawan dutse, amma direban bai kashe esi ba.

Shi ne fa mutumin da bai yarda a kunna esi a tsohuwar motarsa, ko da rana za ta narkar da kwalta. Wai fankar lagireto ta tsufa, inji ba zai ɗauki kaya biyu ba. Shekara goma sha tara matarsa na fifita da gefen mayafi tana yi masa tsiya: "Mai Allura, da ni ce lagireton nan da na ga gata."

Yau tana kwance a kujerar baya, kanta bisa cinyar ƙanwarta, esi a ƙure. Tafiyar awa uku ce zuwa gidan mahaifiyarsu, kuma ya yi wa tsohuwar alkawarin kawo mata 'yarta kafin rana ta karkata.

Sau biyu yana tsayawa, inji a kunne don kada sanyin ya yanke. Ya ɗaga bonet, ya tsince ciyawa da matattun ƙwari da suka toshe wa lagireto iska, ya yayyafa masa ruwan jarka har tururi ya daki fuskarsa. Murfin lagireton kam bai taɓa ba. Wanda tafasasshen ruwa ya taɓa sale wa hannu ba sai an yi masa wa'azi ba.

A tsayawa ta uku wani bakanike na bakin titi ya matso.

"Maigida, kashe esin nan ka sauke gilashi, in ba haka ba injin zai tafi."

"Ya tafi," in ji direban.

Bakaniken ya leƙa baya. Ya cika musu jarka, ya koma gefe.

Allura na kan ja suka shiga layin gidan tsohuwar. Dab da ƙofar gidan injin ya yi tari, ya mutu murus. Direban ya kifa kai a sitiyari, nadama na cin zuciyarsa, ya fashe da kuka kamar ba babba ba.

"Yaya, mun iso," in ji ƙanwar a hankali.

"Ta ji sanyin kuwa?"

Ƙanwar ta sunkuya. Ta dai gyara farin zanen da likita ya rufe fuskar yayarta da shi tun da hantsi.