Da Wa Ya Yi Kama?

"Wai yaron nan, da wa ya yi kama?"

Sauda tana bayan labule tana shayar da jaririnta ta ji surukarta Hajja ta jefa tambayar a tsakiyar matan suna. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kafin a yi arba'in, maganar ta yi saiwa a zuciyar mijinta.

Dama Mahfuz abin nema ya samu. Shi ne mai shirin "Kukan Maza" a wani gidan rediyo, inda kowace Asabar yake shelar cewa kotu ta mata ce, jarida ta mata ce, namiji kuwa sai wahalar ciyar da 'ya'yan da bai tabbatar nasa ba ne. Maganinsa ɗaya: gwajin ƙwayar halitta. Ya ce daga gidansa zai fara.

Sauda ta dafa Alƙur'ani ta rantse. Hajja ta taɓe baki, ta ce rantsuwa ba ta yi wa 'yar ƙauye wuya. Mahaifin Sauda ya hawo babur daga ƙauyensu Miri, ya kwana a zauren gidan su Mahfuz da ke unguwar Ɗan Iya yana roƙon kada a tozarta masa 'ya. Da safe ya tafi ko koko bai sha ba, har ya manta 'yan komatsansa a kan taga. Sauda ta tattara ta adana.

Sakamako ya fito: jaririn nan, Salihu, ɗan Mahfuz ne. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri. Sai ma Mahfuz ya karanta a rediyo har da sunanta, ya ce takarda ba ta ƙarya. A bakin famfo, a layin asibiti, aka riƙa zunɗenta: ga wadda aka auna.

Ana nan, wata lauya mai suna Comfort ta bugo waya cikin shirin.

"Malam Mahfuz, kai an auna ka da naka uban?"

Ya yi dariya, ya yi alkawarin zai yi, kuma a gaban masu sauraro zai buɗe ambulan.

Matsalar ita ce Bappa, mahaifin nasa. Dattijon malami ne, ba zai yarda a zura masa auduga a baki don a tuhumi matarsa ba. Masu gwajin suka ce asuwakin da ya tauna ma ya wadatar. Sauda ce ke share ɗakin Bappa, don haka ita aka aika. Ta kawo a ƙulle cikin leda, kanta a sunkuye.

Ranar Asabar Hajja ta tara ƙawayenta. Sauda ta ajiye musu rediyo a tsakiyar tabarma, ta ƙara murya. Aka ji ƙarar yaga ambulan. Mahfuz ya fara karantawa da ƙarfinsa, bakinsa ya riga hankalinsa: babu alaƙar ɗa da uba. Sai aka sako kiɗa.

Daga ranar shirin ya mutu. Hajja ta dafa Alƙur'ani a tsakar gida tana kuka, ƙawayen suna kallon ƙasa. A masallaci ana duban hancin Mahfuz, a saci kallon na Bappa. 'Yan uba suka fara raɗa kan maganar gado.

Rannan Mahfuz, ya rame ya yi zuru-zuru, ya tambayi Sauda ko ita tana ganin ya yi kama da Bappa.

"Ni ban yi karatu mai zurfi ba, Baban Salihu," ta ce a hankali. "Amma kai ka ce takarda ba ta ƙarya."

Washegari ta shiga sharar ɗakin Bappa. Asuwakinsa na nan bayan gafaka, inda yake tun fil azal. Ta ɗaga, ta goge wurin, ta mayar. A ƙasan akwatinta kuwa, cikin komatsan mahaifinta, ga carbi, ga hula, asuwakinsa kaɗai ne babu. Ta kuma ƙudurta ko mahaifin nata ba za ta gaya wa inda asuwakin nasa ya tafi ba.